Kwana Biyu a Ƙetaren Iyaka: Hutun Ƙarshen Mako Tsakanin Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar

Ranar Juma'a da an sauko daga masallaci, hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Jibiya takan ɗauki motoci iri biyu. Akwai na 'yan kasuwa, waɗanda kaya ya danne har bayansu na neman taɓa ƙasa. Akwai kuma waɗanda da ka leƙa ka san ba fatauci ya fito da su ba: maigida a gaba, uwargida da yara a baya, kular abinci a ƙasan kujera, ga atamfa da turare da goro an ƙulle za a kai wa dangi. Wata motar kuma samari ne biyar ko shida, abokan aiki ko 'yan aji ɗaya, sun haɗa kuɗin mai. Dukansu Maraɗi suka nufa. Kafin rana ta yi sanyi sun bar Najeriya, Lahadi su juyo, Litinin kowa na bakin aikinsa.

Idan aka ce wane ya fita waje, hankalin yawancinmu kan tafi Dubai ko Masar ko Ingila, da biza da tikitin jirgi da kuɗin da mai albashi zai shekara yana tarawa. Alhali ga mutumin Katsina ko Daura ko Kano ko Sakkwato, ƙasar waje mafi kusa ba ta buƙatar jirgi. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, ya ma fi zuwa Kano kusa. Daga Kano zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne, kusan tafiyar Kaduna ke nan. Daga Illela kuwa mai babur zai sauke ka a Birnin Ƙonni cikin 'yan mintuna. Agogon ƙasashen biyu ɗaya ne, hannun tuƙi ɗaya, kuma da Hausar da ka baro gida da ita za ka ci kasuwa, ka yi tambayar hanya, ka gaida sarki.

Sai dai shekarun baya-bayan nan ba su bar wannan tafiya yadda take ba. Rufe iyaka har sau biyu, faɗuwar naira da fargabar 'yan bindiga sun rage ƙafa, har ga shi yau akwai yaran da suka tashi a Katsina ko Kano ba su taɓa taka garin da kakarsu ta fito ba. Wannan asara ce, domin rabin tarihin Bahaushen Najeriya yana arewa da iyakar, kamar yadda rabin na Bahaushen Nijar yake kudu da ita. Kwana biyu, idan aka tsara su da kyau, sun isa a fara mayar da abin da ke neman suɓucewa.

Layin da aka ja a Turai

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai tsawon kimanin kilomita 1,500, daga yankin kogin Kwara a yamma har zuwa tafkin Chadi a gabas. Ingila da Faransa ne suka yi cinikinta a tsakaninsu, daga yarjejeniyar 1890 zuwa gyare-gyaren 1898 da 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa, ƙarƙashin Kaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, ta bi daji tana kafa alamomi. Layin ya ratsa ƙasar Gobir da ta Katsina da ta Daura, ya bar gona a nan, mai ita a can.

Mutanen bakin iyaka ba su taɓa daina zirga-zirga ba. Kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, da kasuwannin Lahadi na Mai'aduwa da Illela, sun dogara ne da masu zuwa daga ɓangarorin biyu. Gwamnatoci ma daga baya sun bi sahu: a 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar mai hedikwata a Yamai, a 1975 aka kafa ECOWAS a Legas, sannan a 1979 ƙungiyar ta amince ɗan kowace ƙasa cikinta ya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. A kan wannan yarjejeniya tafiyar ƙarshen mako ta ginu.

Maraɗi, ɗaya Katsinar

Mai tafiya Maraɗi daga Katsina zai wuce Jibiya, ya tsaya a Magama a duba takardunsa, ya shiga Nijar ta Ɗan Isa. Daga nan kwalta ce miƙe har cikin gari. Abu na farko da baƙo zai lura da shi alluna ne da Faransanci, da kakin jami'ai da ya canza launi. Da ya buɗe baki ya yi gaisuwa kuma, sai baƙuntar ta ragu.

Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya fice, ya yi shekaru yana neman wurin zama, har Sarki Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi wajen 1819. Har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ake ce mata, kuma a fadarsa akwai Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, sunayen da duk Bakatsine ya tashi yana ji. Kilomita kaɗan daga nan akwai Tsibiri, inda Gobirawa suka kafa sarautarsu wajen 1836 bayan sun rasa Alƙalawa. Yaron da ya karanta tarihin jihadi a makarantar Najeriya labarin waɗanda suka ci yaƙi ya fi sani. A Maraɗi da Tsibiri zai ji yadda zuriyar waɗanda suka yi hijira ke ba da nasu, da sunayen jarumansu irin su Sarki Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau. Jin ɓangarorin biyu ba ya rage wa kowa daraja, ilimin yaron ne ke cika.

Garin da ake gani yau ba shi ne na asali ba. Tsohuwar Maraɗi a cikin kwarin gulbi take, sai ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka dawo da mutane kan tudu aka yanka musu tituna miƙaƙƙu. Noman gyaɗa da cinikayya da Najeriya suka ɗaga garin har ake kiransa cibiyar kasuwancin Nijar, kuma alhazansa sanannu ne a kasuwannin Kano. Safiyar Asabar ta babbar kasuwa ce: mata su shiga layin atamfa da shadda da kayan ƙamshi, maza su nufi wajen masu takalma da jakunkunan fata. Fatar jar akuyar Maraɗi ta daɗe da yin suna har Turai. Da hantsi a je gaisuwa fada, da yamma a zaga dangi.

Kudu da gari akwai tafkin Madarumfa, wanda mutanen yankin ke cewa waliyyai 99 ne ke kwance a kewayensa. Wuri ne mai ruwa da inuwa da tsuntsaye da masunta, kuma masu ziyara sun saba zuwa. Amma yankin yana cikin waɗanda matsalar tsaro ta taɓa, don haka ba a zuwa sai da shawarar mai masauki, kuma da rana tsaka.

Wanda ya yi sa'a tafiyarsa ta dace da kokawa, to ya ga abin da zai daɗe yana ba da labari. Tun 1975 Nijar ke shirya gasar kokawar gargajiya ta ƙasa, wadda zakaranta ke ɗaukar takobi, kuma jihohin ƙasar takwas ne ke karɓar baƙuncinta bi da bi. Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da dama, sunansa ya kai har majalisun hira na Kano da Sakkwato. A lokacin gasar, rediyo da talabijin na kowane shago a kanta suke, kuma baƙo ba ya buƙatar gayyata kafin ya ja benci ya zauna.

Damagaram, birnin Tanimu

Tafiyar Damagaram ta fi nisa, don haka ta fi dacewa da wanda zai tashi da safe ranar Juma'a ko wanda hutun ya haɗa masa da Litinin. Daga Kano ana bi ta Kazaure da Daura, a fita ta Kwangwalam, a shiga ta Ɗan Barto, a wuce Matamaye da Kance, a hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai a Takeita. Akwai kuma hanyar Babban Mutum da Magarya. Tun kafin a shiga gari manyan duwatsu masu sulɓi za su fara bayyana, wasu a kan wasu, da gidaje a tsakaninsu.

Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Shi ya kewaye birnin da ganuwa, a zamaninsa maƙera suka ƙera igwa a cikin garin, ayarin raƙuma kuma na tashi daga nan su bi ta Agadas har Tarabulus. Ɗansa Amadu Kuran Daga ya kai wa ƙasar Kano yaƙi, kuma a zamaninsa ne aka kashe Kaftin Cazemajou na Faransa a 1898. Shekara ɗaya bayan haka Faransawa suka dawo da ƙarfi, aka gwabza a Tirmini, garin da matafiyi zai ratsa kafin ya iso birnin. A Damagaram Turawa suka ajiye hedikwatar mulkin Nijar har zuwa 1926 da suka mayar da ita Yamai.

Unguwar Birni ita ce zuciyar ziyarar, kuma da ƙafa ake shiga. Lunguna ne ƙanana tsakanin gidajen ƙasa masu zankwaye, fuskar wasu an yi mata zane mai tudu da kwari, an shafe da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa. A gaban fada akwai fili da masallaci, dogarai na zaune a zaure cikin jajayen riguna. Baƙo zai yi sallama, ya faɗi daga inda ya fito, ya nemi izini. Idan an ba shi, sai ya tuɓe takalmi, wani daga cikin bayin sarki ya shige gaba yana nuna masa soraye da ƙofofi yana ba da tarihinsu. Ba a ɗaga waya a ɗauki hoto sai an tambaya, kuma kyautatawa ce a sallami wanda ya yi rakiyar. Daga Birni sai Zango, tsohuwar unguwar fatake, inda dukawa ke ɗinka jaka da matashi da kube a gaban mai saye.

Abu ɗaya da mai zuwa Damagaram zai riƙe shi ne garin ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa, musamman da bazara. Baƙon kirki ba ya wasa da bokitin da aka ajiye masa.

Ƙonni da sauran ƙofofi

Ga mutanen Sakkwato, ƙofar ita ce Illela. Birnin Ƙonni gari ne da ya sha wuya a hannun Turawa, domin a 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone shi ta hallaka jama'a masu yawa. Gabas da shi akwai Galmi, mai jar albasar da ake kai wa ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, da asibitin mishan da ke karɓar marasa lafiya har daga Najeriya. A wannan yanki ne ƙauyen Maratta yake, inda aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Almajirin tarihin Sakkwato da bai taɓa sanin mahaifar Shehu tana cikin Nijar ta yau ba, tafiyar yini ɗaya za ta nuna masa. Mutanen Kebbi kuma ta Kamba suke fita zuwa Gaya, a bakin kogin Kwara. 

Takardu kafin a tayar da mota

Yawancin ɓacin ran da ake samu a bakin iyaka daga gida ake tahowa da shi. An saba a da mutum ya wuce da katin shaida kawai, ko ma da fatar baki. Yanzu zamani ya canza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ɓangarorin biyu sun bayyana cewa jama'a za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba, amma tun farkon 2025 hukumomin Nijar suka tsaurara binciken takardun baƙi. Wanda ke son kwanciyar hankali ya riƙe fasfo mai sauran wa'adi.

Na biyu shi ne katin shaidar allurar rigakafin cutar shawara. Allurar tana fara aiki ne bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka ba ranar Alhamis ake nemanta don tafiyar Juma'a ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Mai tafiya da motarsa kuma zai riƙe takardun mallaka da lasisin tuƙi da inshorar da ke aiki a ƙetare, sannan ya karɓi lasefase, wato takardar izinin shiga da mota, a wurin jami'an kwastan na Nijar, waɗanda a can ake kira duwan.

Batun yara shi ne wanda iyalai suka fi mantawa. Jami'i zai leƙo ta taga:

"Alhaji, ina zuwa?"

"Maraɗi, ranka ya daɗe. Za mu gaida 'yan'uwa."

"Hajiya, sannu da hanya. Yaran nan duka naku ne?"

"Uku namu, wannan ɗan ƙanena ne."

"To, ina takardarsa?"

A nan tafiya kan tsaya cik. A wurinmu ɗan ƙane ɗa ne, ba a ma bambantawa, amma jami'in da aka ɗora wa hana safarar yara aikinsa yake yi. Takardar haihuwar kowane yaro, da 'yar wasiƙar amincewa daga mahaifin wanda ba naka ba tare da lambar wayarsa, sun isa su kashe maganar cikin minti biyu. Shingayen bincike suna da yawa a ɓangarorin biyu, kuma matafiya sun daɗe suna kukan ana neman na goro a wasu. Wanda takardunsa suka cika ya fi ƙarfin a matsa masa, kuma duk kuɗin da aka ce na hukuma ne yana da haƙƙin ya nemi rasit.

Dala da jika

A bakin kowace iyaka akwai 'yan canji zaune ƙarƙashin lema, da damman kuɗi ɗaure da roba da 'yar na'urar lissafi a hannu. Kafin a miƙa musu naira, ya kamata a san yadda ake ƙirga sefa, kuɗin Nijar, domin a kasuwar Nijar da dala ake lissafi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari ita ce 500, jika kuma 1,000. Mai kilishi zai ɗaga fallen nama ya haska shi a rana ya ce, "Malam, jika biyu da dala ɗari," wato 2,500. Baƙon da bai san wannan ba zai ɗauka ya samu araha, sai ya zo biya ido ya raina fata.

Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi a gaban yuro ta yi ta ne a gaban sefa. A 2014 jika ɗaya ba ta kai naira 400 ba. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, sai ga jika ta haura naira 2,000 a 2024. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara wa kuɗin mota nauyi. Ɗan Najeriyar da a da yake shiga kasuwar Maraɗi da faɗin rai, yanzu sai ya yi lissafi kafin ya taya.

Duk da haka tafiyar ba ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba, idan an san inda za a kashe da inda za a riƙe. Karin kumallo na shayi da dogon burodi da ƙwai a bakin titi ba shi da tsada. Dambun zogale da ƙuli-ƙuli, fura da nono, balangu da yamma, duk abincin gida ne da ɗan bambancin hannu. Tsarabar da ta fi dacewa ita ce mara nauyi: kilishi, cuku, dabino, takalmin fata. Buhun shinkafar waje ba tsaraba ba ce, domin Najeriya ta hana shigo da ita ta kan iyakar ƙasa, Nijar ma a Oktoban 2024 ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba sa cikin ƙawancenta da Mali da Burkina Faso. Sai wasu ƙananan abubuwa biyu: soket ɗin Nijar mai rami biyu ne zagayayyu irin na Faransa, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga sai da mahaɗi, kuma layin waya na gida kan yi tsada a can, gara mutum ɗaya cikin ayarin ya yanki layin Airtel ko Moov ko Zamani da fasfonsa.

Tafiyar ayari

An ce ba a sanin halin mutum sai an yi tafiya da shi, kuma kwana biyu sun isa. Abokan da suka saba wannan fita suna da tsarin da ke hana saɓani. Tun a gida ake yanke abin da kowa zai bayar, a damƙa wa mutum ɗaya amintacce ya zama ma'aji. Daga hannunsa kuɗin mai da na masauki da na abinci ke fita, yana rubutawa, ranar dawowa ya karanta wa kowa, a raba abin da ya saura. Wasu ma adashi suke yi na watanni don tafiyar. Sayayyar kai kuwa kowa da aljihunsa, don kada mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya. Ana kuma naɗa shugaban tafiya, kamar yadda Musulunci ya koyar, wanda idan ra'ayi ya rabu tsakanin masu son kasuwa da masu son fada, maganarsa ce ta ƙarshe.

Tafiyar iyali kuma nata lissafin daban. Tsofaffi ba sa son gaggawa, yara ba sa jure yunwa, mata na da gidajen da dole su shiga, ko barka ko gaisuwar rasuwar da aka yi tun bara. Mai hankali ba ya cusa wurare goma cikin yini ɗaya. Gida uku da kasuwa da fada sun isa Asabar. Idan a gidan dangi za a sauka, a sanar da su tun da wuri, a faɗi yawan masu zuwa, kuma a shiga da abin hannu, domin tsadar rayuwa ba ta bar kowa ba, kuma mai masaukin Bahaushe zai ci bashi ya yanka kaza bai faɗa maka ba. Idan ayarin ya yi yawa, raba shi ya fi: Inna da jikoki a gidan 'yan'uwa, samari a masaukin baƙi.

Ribar da yara ke samu ita ce mafi girma. Za su ji ana ce wa makaranta lakwal, su ga takwarorinsu na karatu da Faransanci, su riƙe kuɗin da ba naira ba, su ga an buga wa fasfonsu hatimi. Sannan wata tsohuwa da ba su taɓa gani ba za ta kama hannunsu ta ce wannan kamar kakansa, ta jero musu sunayen iyaye har zuwa wanda ya fara barin garin. Babu ajin da ake koyar da wannan.

Shekarun da ƙofa ta rufe

A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don yaƙi da fasa-ƙwauri. Sai a Disamban 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Ba a gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ƙasashen biyu suka buɗe ƙofofinsu a Maris.

A waɗannan watanni an ɗaura aure babu waliyyin da ke ƙetare, an yi jana'iza babu ɗan mamaci, marasa lafiya sun rasa ganin likitansu. Masu ƙarfin hali sun bi ta daji a kan babur da tsada da haɗari. Malamai da sarakuna da 'yan majalisar Arewa da suka fito suka ƙi amincewa da batun kai yaƙi Nijar a 2023, hujjarsu ɗaya ce: mutanen can 'yan'uwa ne. Wannan hujja ta yi ƙarfi ne saboda masu faɗinta sun san gidajen, sun ci tuwo a cikinsu. Idan aka samu zuriyar da ba ta taɓa zuwa ba, ranar da wata rigimar ta taso ba za a samu masu wannan magana da yawa ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take.

Maganar tsaro

Ba gaskiya ba ne a kwaɗaita wa mutane hanya a ɓoye musu haɗarinta. Ƙananan hukumomin Jibiya da Batsari a Katsina, da gabashin Sakkwato, da yankunan Madarumfa da Gidan Rumji a jihar Maraɗi, duk sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da mutane. Tun 2019 dubban 'yan Najeriya daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka nemi mafaka a jihar Maraɗi. Direbobin da ke bin hanyar kullum suna da ƙa'idojin da ba sa karyawa: ba a tafiyar dare, ba a tafiyar asuba kafin gari ya waye sosai, ba a barin kwalta a bi ta yanke, kuma kafin a tashi sai an kira tasha ko wani na gaba an ji lafiyar hanya. Ranar dawowa a baro da hantsi, kada sallama da dangi ta ja har la'asar. Idan labarin da aka samu ba mai daɗi ba ne, a ɗaga tafiyar zuwa wani makon, Maraɗi ba za ta gudu ba.

A cikin gari kuma baƙo ya kama bakinsa a kan siyasar ƙasar mutane, kada ya ɗauki hoton bariki ko shingen jami'ai ko ginin gwamnati, ya riƙe takardunsa a jikinsa duk inda za shi.

Hanya mai zuwa da dawowa

Ƙafar ba ta ɓangare ɗaya ba ce. Ƙarfin sefa ya sa Kano ta yi wa mutanen Maraɗi da Damagaram sauƙi, kuma duk ƙarshen mako ana ganinsu a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, wasu sun kawo amarya sayen kayan ɗaki, wasu sun zo asibiti, wasu hawan Sallah ya kawo su Kano ko Katsina ko Daura. Fina-finan Kano da waƙoƙinta sun cika gidajen Nijar, mawaƙiya Fati Nijar kuma daga Maraɗi ta zo ta yi suna a Kano. A 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Yadda muke so a karɓe mu a Ɗan Isa, haka ya kamata mu karɓi mai lambar motar Nijar a Kano, ba tare da tsangwama ko ƙarin farashi ba.

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, wanda kamfanin Mota-Engil ke ginawa. Idan ya kammala, tsoho da mai goyo da ɗalibi za su yi wannan tafiya cikin sauƙin da ba su taɓa samu ba. Kafin nan akwai abin da ke hannun kowa. Hukumomin ƙasashen biyu su rage shingaye, su manna a fili abin da ake buƙata daga matafiyi da abin da zai biya, da Hausa. Jihohin kan iyaka su sauƙaƙa samun katin rigakafi da fasfo. Makarantun da ke kai ɗalibai yawon buɗe ido Abuja su sa fadar Damagaram da ta Maraɗi cikin lissafinsu idan hanya ta yi kyau. Magidanci kuma ya zauna da iyalinsa ya tambayi tsofaffin gidan su wa suka rage a can, ya nemo lambarsu, ya fara haɗa takardun yara tun yanzu, ya tsayar da mako bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da sanyi ya fara shigowa kuma hanya ta bushe.